Urbana: Garin Masarar da Ɗalibai Suka Buɗe Zauren Hira a Kwamfuta

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, zuwa wasu tagwayen garuruwa da ba kasafai ake jin sunansu a labarai ba, wato Urbana da Champaign, a jihar Illinois, wadda masu ita ke furtawa Ilinoi. Abin da zai kai mu yana cikin aljihun wasunku, ko cikin wayar Mama ko ta Yaya da kuke ara bayan cin abincin dare: zauren hira na 'yan aji. Fiye da shekara 50 da suka wuce, tun ba a yi mafarkin WhatsApp ba, ɗaliban wannan gari suna zama gaban allon kwamfuta suna tura wa juna tambaya da amsa. Surutu da ruɗanin da ke ɓata zaurukanku a yau su ma sun sha fama da su, kuma dabarun da suka yi har gobe suna da amfani.

Hanyar zuwa

Daga Shikago, babban birnin da ke bakin Tafkin Michigan, ake hawa jirgin ƙasa na kamfanin Amtrak a nufi kudu. Tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce, kusan nisan Kano zuwa Kaduna, kuma takan ci awa biyu da wani abu. Da zarar dogayen benayen birni sun ɓace, sai ƙasa ta shimfiɗe kamar tabarma. Babu dutse, babu tudu. Masara a dama, waken suya a hagu, iya ganin ido, sai jefi-jefi a hango manyan rumbunan hatsi na ƙarfe da na siminti a bakin layin dogo. Ƙasar wurin baƙa ce mai albarka. A da can ciyawa ce mai tsawo da fadamu, manoma suka haƙa magudanai suka janye ruwan, suka mayar da ita gona. A watan Yuli akwai zafi da gumi, a watan Janairu kuwa dusar ƙanƙara ce ke rufe gonakin, sanyi ya kai ruwa ya daskare a waje.

Jirgi yana tsayawa a Champaign, wanda ake furtawa Shamfen. Daga tasha sai a yi gabas zuwa Jami'ar Illinois, wadda aka kafa a 1867, kuma yau tana da ɗalibai sama da 50,000 daga ƙasashe masu yawa. Jami'ar ta ɗare kan iyakar garuruwan biyu. Titin Wright ne iyakar: kana yammacinsa kana Champaign, ka tsallaka gabas ka shiga Urbana. A inda ya haɗu da titin Green akwai wani mutum-mutumi na tagulla, mace tsaye ta buɗe hannuwa kamar mai yi wa baƙo maraba. Sunansa Alma Mater, wani tsohon ɗalibin jami'ar mai suna Lorado Taft ya ƙera shi, aka ƙaddamar da shi a 1929. Lokacin yaye ɗalibai, layi ake yi a gabansa don ɗaukar hoto.

Gona a tsakiyar jami'a

Idan ka bi ta babban filin ciyawa da ke tsakiyar jami'ar ka yi kudu, za ka tarar da abin da ba ka zata ba: 'yar gonar masara a kewaye, ga gine-gine ta kowane gefe. Ana kiranta Morrow Plots. An fara gwaji a cikinta a 1876, kuma babu gonar gwaji a Amurka da ta kai ta tsufa cikin waɗanda ake nomawa har yanzu. An raba ta fegi-fegi. Wani fegin masara kawai ake shukawa kowace shekara, wani kuma ana juya shuka, bana masara baɗi wani abu daban. Wani ɓangaren a zuba taki, wani a bar shi haka. Kowace kaka a auna abin da kowanne ya bayar a rubuta. Da haka aka tabbatar da awo cewa juya shuka da zuba taki suna ƙara amfani, abin da manomanmu ma suka daɗe da lura da shi. A gefen gonar akwai ɗakin karatu da aka gina a ƙarƙashin ƙasa, kuma labarin da ɗalibai ke ba baƙo shi ne an nutsar da ginin ne don kada inuwarsa ta faɗa kan masarar.

Ku riƙe wannan gona a ranku, domin ɗabi'ar wurin ke nan: a gwada, a duba sakamako, a gyara. Da irin wannan ɗabi'a aka yi aikin da ya kawo mu garin.

Allo mai ruwan goro

Yanzu mu koma arewa, mu tsallaka titin Green mu shiga unguwar injiniyoyi. A kan titin Mathews akwai wani tsohon ginin jan bulo da baƙo zai iya wucewa bai waiwaya ba. A cikinsa cibiyar binciken koyarwa da kwamfuta ta jami'ar ta zauna, wadda aka fi sani da CERL, har zuwa lokacin da aka rufe ta a 1994.

Labarin ya fara ne a 1960, lokacin da wani matashin injiniya ɗan shekara 26, Donald Bitzer, ya ɗauki aikin gano ko kwamfuta za ta iya koyar da ɗalibi. Ya sa wa tsarinsa suna PLATO. Na farkon akwatin talabijin ne da 'yan madannai, an haɗa su da ILLIAC I, wata ƙatuwar kwamfuta da jami'ar ta ƙera da kanta. Mutum ɗaya kaɗai ke iya amfani da shi a lokaci guda. Bayan shekara ɗaya aka kai mutum biyu. A 1972 aka fito da na huɗu, PLATO IV, wanda ya haɗa ɗaruruwan na'urori a jami'ar da kwalejoji da makarantu na nesa, dukkansu suna jone da uwar kwamfuta ɗaya ta layin waya.

Allon na'urar baƙi ne, rubutu da zane suna haske a kansa da launin ruwan goro. Bitzer da abokan aikinsa biyu, Gene Slottow da Robert Willson, suka ƙirƙiro irin wannan allo a 1964, kuma daga shi ne talabijin na filasma ya samo asali. Ɗalibi yana iya taɓa allon da yatsa ya zaɓi amsa, shekaru da yawa kafin wayar shafa ta zo. Amma layin yana da rauni ƙwarai, domin ɗigon bayani 1,260 kacal yake ɗauka a daƙiƙa ɗaya. A irin wannan gudu, hoto ɗaya mai nauyin kilobait 100, irin wanda kuke turawa ba ku ko lura ba, zai ci fiye da minti 10 kafin ya iso. Saboda haka duk abin da suka ƙera, sai da suka yi tsimi.

Darussa kuwa akwai su birjik. A ajin Bayoloji ɗalibi yana haɗa ƙudaje a allo ya ga irin 'ya'yan da za su haifa, ya koyi yadda ake gadon kamanni. A Kemistiri wani malami mai suna Stanley Smith ya rubuta darussan da ɗalibi ke harhaɗa kayan gwaji a allo kafin ya taɓa kwalba ta gaske. Sai dai a farkon lamari kowane ɗalibi shi kaɗai ne da na'urarsa. Ba a tsara PLATO don mutane su yi magana da juna ba. Matasan da ke kai da kawo a ginin nan ne suka buɗe wannan ƙofa, cikinsu har da 'yan makarantar sakandaren jami'ar, Uni High, wadda ke 'yar tafiya kaɗan daga wurin.

Dabaru uku na shekarar 1973

Dabara ta farko ta fito ne daga wata matsala. Masu amfani da PLATO suna da wani shafi guda da suke rubuta ƙorafi da tambayoyi ga ma'aikata. Mutum ɗaya kaɗai ke iya rubutu a ciki a lokaci guda, kowa na iya goge na wani, kuma ba a da tabbacin wanda ya rubuta me. Sai shugaban masu rubuta manhaja, Paul Tenczar, ya ba wani yaro ɗan shekara 17 mai suna David Woolley aikin gyara wannan. A watan Agusta na 1973 Woolley ya fito da manhajar da aka kira Notes. Duk wanda ya yi rubutu, ita da kanta take maƙala sunansa da kwanan wata. Kowace tambaya tana zama da kanta, amsoshinta suna jeruwa a ƙarƙashinta, har guda 63. An kuma raba wurin gida uku: na sanarwa daga hukuma, na neman taimako, da na zancen jama'a. Wanda ya zo bayan mako guda zai tarar da tambaya da amsoshinta a wuri ɗaya, ya karanta ya amfana ba tare da ya sake tambaya ba. A 1976 aka faɗaɗa ta yadda malami ko wata ƙungiya za su buɗe nasu zauren, su zaɓi wanda zai shiga da wanda zai yi rubutu.

Dabara ta biyu ta zo ne a kakar wannan shekara. Wani matashi mai suna Doug Brown ya rubuta Talkomatic, ɗaya daga cikin zaurukan hira na farko-farko a duniya, daga baya shi da Woolley suka faɗaɗa ta zuwa ɗakuna shida. Kowane ɗaki mutum biyar yake ɗauka. An raba allo layi-layi, kowa da nasa gurbin, kuma duk harafin da ka danna nan take sauran huɗun suke ganinsa, ba sai ka gama ka tura ba. Idan ka yi kuskure ka goge, suna kallo. Sauran jama'a suna iya shiga su karanta, amma bakin magana biyar ne kawai. Ƙanƙantar allo ce ta jawo wannan iyaka, sai dai ta zo da alheri: a cikin mutum biyar babu mai ɓuya a bayan wani, kuma ba wanda maganarsa ke nutsewa.

Dabara ta uku ita ce kiran mutum biyu. A cikin madannan na'urar akwai wani maɓalli mai suna TERM. Idan ɗaliba ta maƙale a tsakiyar darasi, sai ta danna shi ta kira ƙawarta ko mai ba da taimako. Hirar tana bayyana a layi biyu na ƙasan allo, darasin kuma yana nan a sama bai gushe ba. Daga baya aka ƙara yadda wanda aka kira zai ga allon mai kiran kamar suna zaune kan benci ɗaya. Maimakon ta yi ta kwatance, sai ta nuna inda ta tsaya. Gani ya kori ji.

Ba karatu kaɗai aka yi ba

Kada ku ɗauka ɗaliban Urbana waliyyai ne. Da dare ya yi, ɗakunan na'urori sukan cika da masu wasanni, irin su Empire, inda ƙungiyoyi ke yaƙi da jiragen sararin samaniya har gari ya waye. Hukuma ta sha goge wasannin da aka ɓoye a ma'ajiyar darussa, yara kuma su sake rubuta wasu. Sun ma gano yadda za su ɗora harafi kan harafi su fitar da 'yar fuska mai murmushi, kakar hotunan dariya da kuke turawa yanzu. A zaurukan zance an yi musu, an yi faɗa, an yi abota, wasu har aure. Abin da ya ceci karatu shi ne kowane abu da wurinsa. Mai neman taimako ya san inda zai je, mai son hira ya san nasa, kuma wanda ya buɗe zaure yana da ikon tsare ƙofarsa.

PLATO bai dawwama ba. Kamfanin Control Data ya karɓi haƙƙin sayar da shi a 1976, amma tsada ta yi masa yawa, ƙananan kwamfutoci masu araha kuma suka cika kasuwa. An kashe na ƙarshe da ke aiki a 2006, Bitzer kuma ya rasu a watan Disamba na 2024. Dabarun dai sun bazu. Ray Ozzie, wanda ya yi aiki da PLATO yana ɗalibi a jami'ar, shi ya jagoranci ƙera Lotus Notes da ta fito a 1989, manyan kamfanoni suka rungume ta. A wannan unguwa ta injiniyoyi ne kuma Marc Andreessen da Eric Bina suka fito da Mosaic a 1993, manhajar da ta sauƙaƙa wa mutane shiga shafukan intanet.

Tsarabar da za mu kawo gida

To, me za mu ƙulla a jaka mu dawo da shi? Ku duba zauren ajinku na shirin WAEC ko NECO ko JAMB. Wata ta tura tambayar lissafi da ƙarfe takwas. Kafin tara, gaisuwa da sitika da labarin ƙwallo da bidiyon barkwanci sun binne ta. Wani ya rubuta "amsar 12 ce", ba a san wace tambaya yake nufi ba. Data ta ƙare, cajin waya ya yi ƙasa, an tashi ba a ƙaru da komai ba. Wannan shi ne taron tsintsiya ba shara, ga jarrabawa kuma tana ƙaratowa. Da tsohuwar zuma ake magani, bari mu ɗebo daga Urbana.

Da farko ku raba gida uku kamar yadda Woolley ya yi. Zauren sanarwa daban, a saita shi yadda shugabanni kaɗai za su iya turawa. Zauren tambaya da amsa daban. Na hira da raha kuma daban, kowa ya sake a can. Mai tambaya ya sa mata kai, misali "Lissafi, babi na 4, tambaya ta 7", mai amsawa kuma ya danna kan tambayar ya amsa ta kai-tsaye, don amsa ta tafi maƙale da tambayarta.

Sannan ku tuna da ɗakin mutum biyar. WhatsApp yana barin zaure ɗaya ya ɗauki mutum 1,024, amma ba a warware lissafi a tsakiyar kasuwa. Ku rabu biyar-biyar, a haɗa mai ƙarfi a Fiziks da mai ƙarfi a Turanci, a tsayar da lokaci, misali minti 40 sau uku a mako, kowa ya zo da tambaya ɗaya. Lokacin da aka tsayar yana taimakon wanda aron waya yake yi, domin zai san sa'ar da zai roƙa, iyaye kuma za su san abin da ake yi da ita.

Darasin maɓallin TERM kuwa shi ne a nuna aiki. Amsa tsirara ba ta koyar da kowa. Ka ɗauki hoton shafinka da duk matakan da ka bi, har da inda ka karce, domin a nan abokinka zai gane inda ka kauce. Saƙon murya yana da daɗi wajen bayani, amma a taƙaita shi, a kuma rubuta layi ɗaya a ƙarƙashinsa da ke faɗin abin da ya ƙunsa, saboda mai nema bayan wata guda ya same shi. Kowane mako a naɗa magatakarda ya kwafe tambayoyin da aka warware cikin littafi, a kai aji. Da haka waɗanda ba su da waya ba za a bar su a baya ba, kuma ko waya ta lalace karatun yana nan.

Akwai kuma batun suna da ƙofa. Notes ta yi nasara ne domin an san wanda ya rubuta kowane layi. Ku ma kada ku bar baƙuwar lamba a zaurenku ba ku san mai ita ba. Masu tallar amsoshin jarrabawa suna yawo zaure-zaure suna karɓar kuɗin yara, kuma wanda aka kama da satar amsa sakamakonsa ne ke cikin haɗari. Duk wanda ya ce ku turo masa lambobi shida da WhatsApp ya aiko muku, ko da ya ce shi malami ne, kada ku ba shi, domin da su ake ƙwace asusun mutum. Abin da ya ba ku tsoro ko kunya a zaure, ku nuna wa malami ko iyaye.

A ƙarshe, ga masu sha'awar rubuta manhaja a cikinku, ku tuna shekarun Woolley 17 lokacin da aka ba shi aikin nan, sa'an wasunku na aji shida. Har yanzu akwai gyare-gyare da ke jiran mai yi: hanyar rubuta alamomin lissafi cikin hira ba tare da wahala ba, zauren karatu da zai yi aiki inda sabis ke da rauni, da manhajar da za ta gane ƙ da ɗ da ɓ idan ana neman kalmar Hausa. Wanda matsala ta dama shi ya fi sanin inda take.

Ga aikin gida, irin na gonar Morrow. Yau ku ƙirga saƙonni 100 na ƙarshe a zauren ajinku, ku rubuta nawa ne suka shafi karatu. Ku gwada waɗannan dabaru na mako biyu, sannan ku sake ƙirgawa. Ku rubuto mana abin da kuka samu, da dabarar da ta yi muku aiki da wadda ta ƙi, don 'yan'uwanku na wasu makarantu su ƙaru. Sai mako mai zuwa.